Kurket a Afganistan: wasan da aka koyo a gudun hijira, har yau bai koma gida ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida taku domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da shafukan wasanni na jaridun Hausa ba su cika waiwaya ba, wato yadda ƙasar Afganistan, wadda sunanta ya daɗe yana tafiya tare da labarin yaƙi da tashin bam, ta shiga sahun manyan ƙasashen duniya a wasan kurket cikin abin da bai kai shekara talatin ba. Na san yawancin masu karatu ƙwallon ƙafa ce a ransu, kuma wasu ma ba su taɓa zama sun kalli kurket daga farko zuwa ƙarshe ba, amma labarin ya wuce na masu sha'awar wasan kaɗai. Ya kuma kamata a ba da shi yadda yake, domin kafofin watsa labarai na waje sun saba kawo shi a matsayin shaida cewa wasa ya warkar da ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, ni kuwa ina ganin wannan magana ta zarce abin da ya faru.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiyoyi biyu ne masu mutum 11 kowace. Ana kafa turaku uku a ƙasa, mai jifa ya jefo ƙwallo yana neman ya kayar da su, mai bugu kuma ya tsaya a gabansu da faffaɗan katako yana karewa, yana kuma neman ya doke ƙwallon ta yi nisa domin ya tara maki. Idan aka fitar da masu bugu 10, ko adadin jifan da aka ƙayyade ya cika, sai a yi musaya. Akwai wasan da ake kira Test mai ɗaukar har kwana biyar, akwai na yini ɗaya, akwai kuma gajere da ake kira T20 wanda ake gamawa cikin kamar awa uku. Turawan Ingila ne suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mallaka, shi ya sa ya yi ƙarfi a Indiya da Pakistan da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Afganistan kuwa ba ta gaji wasan daga Turawa ba, kuma kafin shekarun 1980 da wuya a sami wanda ya damu da shi a can, domin abin da aka sani shi ne ƙwallon ƙafa da kokawa da buzkashi, wasan mahaya dawakai da ke ƙwacen gawar akuya.

Yaƙi ne ya kai su ga kurket. Bayan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasar a watan Disamba na 1979, miliyoyin mutane sun tsallaka iyaka, wasu zuwa Iran, wasu zuwa Pakistan, kuma ko bayan ficewar Sobiyet a 1989 yaƙin basasa bai bari sun koma ba. Waɗanda suka faɗa Pakistan sun zauna a sansanoni da ke kewayen birnin Peshawar, irin su Kacha Garhi, inda aka haifi yara, suka tashi, suka balaga, ba tare da sun taɓa ganin garin iyayensu ba. A Pakistan kuwa kurket ne abin da yaro ke buɗe ido ya gani a kowane lungu. Ƙwallon kurket ta ainihi tana da tauri da tsada, kuma tana buƙatar hular kwano da kayan kare ƙafa da safar hannu, don haka yaran unguwa suka ƙirƙiro dabarar naɗe ƙwallon tanis da salatif ɗin masu gyaran wuta, ta yi nauyi ta yi santsi, ta riƙa gudu ba tare da ta fasa wa kowa kai ba. Da wannan ƙwallo da guntun katako da tubala uku a madadin turaku, an gama haɗa kayan wasa. Sai kuma a 1992 Pakistan ta ci kofin duniya ƙarƙashin jagorancin Imran Khan, wanda shi ma asalinsa ɗan ƙabilar Fashtun ne kamar yawancin mazauna waɗannan sansanoni, kuma ba sai an faɗa ba irin tasirin da hakan zai yi a zuciyar yaron da ba shi da makaranta mai kyau, ba shi da aiki, ba shi da takardar zama ɗan ƙasa.

Wannan asali ne ya sa har yau wasan ya fi ƙarfi a gabashi da kudancin ƙasar, a jihohi irin su Nangarhar da Khost da Paktia da Logar, inda Fashtun suka fi yawa kuma iyakar Pakistan take kusa. Waɗanda suka yi hijira zuwa Iran, ciki har da 'yan ƙabilar Hazara da yawa, ba su tarar da kurket a can ba, saboda haka ba su dawo da shi ba. An daɗe wasu 'yan ƙasar suna kallonsa a matsayin wasan ƙabila ɗaya, ko ma wasan Pakistan da aka shigo da shi, kuma nasarori ne suka fara sassauta wannan kallo. Duk wanda ya ce kurket ya haɗa kan 'yan Afganistan ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma ya kamata ya duba sunayen 'yan wasan da jihohin da suka fito kafin ya kai maganar ƙarshenta.

An kafa hukumar kurket ta Afganistan a 1995, kuma daga cikin waɗanda suka ɗauki wahalar farko akwai Allah Dad Noori da Taj Malik, wanda ya tashi a Kacha Garhi, ya zama kocin ƙungiyar ƙasa na farko, ƙannensa biyu kuma, Hasti Gul da Karim Sadiq, suka buga mata wasa. Gwamnatin Taliban ta farko, wadda ta hana kiɗa da talabijin, ta kuma mayar da filin ƙwallon ƙafa na Ghazi da ke Kabul wurin zartar da hukuncin kisa, ta amince da kurket a 2000. Dalilan da ake bayarwa su ne cewa suturar wasan tana rufe jiki, ba a cakuɗa jiki da jiki, kuma ana iya tsayawa a yi salla. Ni dai ina ganin babban dalilin ya fi wannan sauƙi: su kansu 'yan Taliban da yawa a sansanoni da makarantun Pakistan suka tashi, sun san wasan, wasunsu ma sun buga shi. A 2001 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta karɓi Afganistan a matakin ƙasa na mambobinta.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna amfanin tsarin da ke barin ƙofa a buɗe. A wancan lokaci ICC tana da gasa mai hawa-hawa ga ƙananan ƙasashe, wanda ya yi nasara a rukuni ya haura na sama. A watan Mayu na 2008 'yan Afganistan suka je tsibirin Jersey, tsakanin Ingila da Faransa, domin buga rukuni na biyar, tare da ƙasashe irin su Jafan da Botswana da Bahamas. A wasan ƙarshe sun fitar da masu masaukinsu da maki 80 kacal, amma sai da aka kai ruwa rana kafin su cim ma wannan ɗan adadi, domin an fitar musu da mutum 8 kafin Hasti Gul ya ƙarasa aikin. A watan Oktoba suka ci rukuni na huɗu a Tanzaniya, a Janairun 2009 suka ci na uku a Ajantina, a Afrilu kuma suka isa wasannin neman gurbin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Gurbin ya kuɓuce musu, amma sun samu matsayin buga wasan yini ɗaya na ƙasa da ƙasa, kuma a wasansu na farko da wannan matsayi suka doke Sikotland. Duk wannan cikin ƙasa da shekara ɗaya, ƙarƙashin kyaftin Nawroz Mangal. Da a ce babu wannan tsani, da ƙwazonsu ya ƙare a filayen ƙurar Peshawar.

Sun buga gasar duniya ta T20 karon farko a 2010, sannan kofin duniya na yini ɗaya a 2015, kuma wasan da suka yi da Sikotland a birnin Dunedin na New Zealand ya cancanci a tsaya a kansa. Sikotland ta tara maki 210. Afganistan na da maki 97 aka fitar mata da mutum 7, wato kusan duk gwanayen bugunta sun tafi. Samiullah Shinwari ya tsaya kai da fata har ya tara 96, sannan shi ma aka fitar da shi, aka bar mutum biyu na ƙarshe, Hamid Hassan da Shapoor Zadran, waɗanda aikinsu jifa ne, bugu kuwa sai dai dole. Saura jifa uku a tashi Shapoor ya doke ƙwallon ta kai iyakar fili, makin da suke nema ya cika, sai ya cire hular kwanonsa ya ruga da gudu, dogon gashinsa na kaɗawa, ya zube rub da ciki ya baje hannuwa a kan ciyawa. Wannan ce nasararsu ta farko a kofin duniya na yini ɗaya, kuma a Kabul da Jalalabad an yi ta harbin bindiga sama don murna.

A ranar 22 ga Yuni, 2017, ICC ta ba Afganistan da Ireland cikakken matsayin mamba, aka zama ƙasashe 12 masu ikon buga Test. Ba a samu komai a ruwan sanyi ba bayan haka. A wasansu na Test na farko, da Indiya a Bengaluru a 2018, wasan kwana biyar ya ƙare cikin kwana biyu saboda irin kashin da suka sha, kuma a kofin duniya na 2019 sun buga wasa 9 ba su ci ko ɗaya ba. Amma a daidai lokacin ne aka fara ganin 'yan wasansu a gasannin kuɗi na duniya. A 2017 ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta gasar IPL ta Indiya ta sayi Rashid Khan, yaro ɗan shekara 18 daga Nangarhar, a kan rufi miliyan 40, ta kuma ɗauki Mohammad Nabi. Rashid yana murɗa ƙwallo da yatsu da wuyan hannu cikin sauri, ta yadda mai bugu ba ya gane ta ina za ta karkata idan ta taɓa ƙasa, kuma wannan salo ya zama tambarin ƙasar, domin bayansa an samu Mujeeb Ur Rahman da Noor Ahmad da wasu. Daga nan uba a Khost ko Jalalabad ya fara ganin kurket a matsayin sana'ar da za ta iya ciyar da gida, bayan da can yana ganinsa shiririta ce da ke hana yaro aiki.

Kofin duniya na 2023 a Indiya ne ya rufe bakin masu cewa sa'a ce. Sun doke Ingila mai riƙe da kofin a Delhi da ratar maki 69, mako guda bayan girgizar ƙasar da ta hallaka fiye da mutum 1,000 a Herat da ke Afganistan, sannan suka doke Pakistan a Chennai, suka ƙara da Sri Lanka da Holan. Saura ƙiris su doke Ostireliya ma, sai Glenn Maxwell ya tara maki 201 shi kaɗai yana ɗingishi, ya ƙwace wasan daga hannunsu. A ranar da suka doke Pakistan, Ibrahim Zadran ne aka zaɓa gwarzon wasa, kuma da aka miƙa masa makirufo sai ya ce ya sadaukar da kyautar ga mutanen da ake kora daga Pakistan zuwa Afganistan, domin a makonnin nan ne gwamnatin Pakistan ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin ficewa kafin 1 ga Nuwamba. Almajiri ya kayar da malaminsa a filin wasa, a daidai lokacin da malamin ke fitar da dangin almajirin daga gidansa. A shekarar da ta biyo baya sun doke New Zealand da Ostireliya da Bangaladash a gasar T20 ta duniya, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Afirka ta Kudu ta fitar da su duka da maki 56.

To, Malam Edita, a nan ne nake rabuwa da masu cewa wasa ya warkar da ƙasar. Har zuwa yau Afganistan ba ta taɓa karɓar baƙuncin wasa ko ɗaya da wata babbar ƙasar kurket a cikin gidanta ba. Abin da ake kira wasanninta na gida a Sharjah ake yin su, ko Abu Dhabi, duka a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko a garuruwan Indiya irin su Greater Noida da Dehradun da Lucknow. An gina filaye a cikin ƙasar, Jamus ta taimaka da na Khost, Indiya da na Kandahar, kuma akwai gasar cikin gida mai suna Shpageeza tun 2013, amma tsaro bai bar su sun sarara ba. A watan Satumba na 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam kusa da filin Kabul ana tsakiyar gasar, a watan Mayu na 2018 an kashe mutum 8 a wajen kallon wasan dare cikin azumi a Jalalabad, a watan Yuli na 2022 kuma gurneti ya tashi a cikin 'yan kallo a Kabul. Yaron da ke Nangarhar ya fi sanin Rashid Khan a allon waya fiye da ganinsa ido da ido. Hatta tutar da 'yan wasan ke bugawa a ƙarƙashinta, mai launin baƙi da ja da kore, ta jamhuriyar da ta rushe ce a watan Agusta na 2021, kuma gwamnatin da ke mulki a Kabul ta sauke ta daga ofisoshinta.

Mafi nauyi a cikin maganar shi ne batun mata. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan zama cikakken mamba na ICC shi ne ƙasa ta kasance da ƙungiyar mata, amma an ɗaga wa Afganistan ƙafa a 2017 bisa fatan za ta gyara. A watan Nuwamba na 2020 hukumar kurket ta ƙasar ta ba mata 25 kwantiragi. Ba su kai ga buga wasan ƙasa da ƙasa ko ɗaya ba Taliban ta dawo, ta hana mata wasanni, ta rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, a Disamban 2022 ta ƙara da jami'o'i. Yawancin waɗannan 'yan wasa sun tsere zuwa Ostireliya, suka zauna a Melbourne da Canberra, kuma sai a ranar 30 ga Janairu, 2025, suka fara fita fili tare a matsayin ƙungiya, a wasan sada zumunta a Melbourne, ba tare da an amince su amsa sunan ƙungiyar ƙasarsu ba. Ashe tarihi ya juyo: wasan da maza suka koyo a gudun hijira suka kawo gida, shi ne mata suka koyo a gida aka tilasta musu fita da shi.

Saboda wannan ne Ostireliya ta ƙi buga wasannin da aka tsara tsakaninta da Afganistan har sau uku, a 2021 da 2023 da 2024, ko da yake tana buga wasa da ita a gasannin duniya, abin da ya sa 'yan Afganistan ke zarginta da baki biyu. A Janairun 2025 'yan siyasar Birtaniya fiye da 160 sun rubuta wa hukumar kurket ta Ingila suna neman ta ƙaurace wa wasanta da Afganistan a gasar Champions Trophy. Ba a ƙaurace ba, aka buga a Lahore, Ibrahim Zadran ya tara maki 177, Ingila ta sake shan kashi. Masu neman a dakatar da Afganistan suna kafa hujja da Afirka ta Kudu, wadda aka ware daga kurket na duniya daga 1970 zuwa 1991 saboda wariyar launin fata, kuma hujja ce mai ƙarfi da ba za a yi watsi da ita ba.

Duk da haka ban ga hikimar dakatar da ƙungiyar maza ba. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu tana da masu zaɓe fararen fata da rashin wasa ke yi wa ciwo, kuma suna da ƙuri'ar da za su huce haushinsu da ita. Taliban ba ta tsaya zaɓe, kuma ta jure takunkumin da ya fi na kurket nauyi nesa ba kusa ba, ba ta buɗe wa 'yan mata makaranta ko ɗaya ba saboda shi. Wanda zai ji zafin dakatarwa shi ne talakan da ke tsayawa a dandalin Khost yana kallon wasa a babban allo, da 'yan wasan da ba su suka kafa dokar ba. Hasali ma, a Disamban 2024, lokacin da aka hana mata karatun jinya da ungozoma, Rashid Khan da Mohammad Nabi sun fito fili sun nemi a janye hukuncin, suna kafa hujja da matsayin ilimi a Musulunci ga namiji da mace, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce daga mutanen da danginsu ke zaune a cikin ƙasar. Da an kore su daga fagen duniya, da babu wanda zai saurari muryarsu.

Inda ICC ta gaza shi ne a kan matan. Ta ci gaba da ba hukumar Kabul kasonta na cikakken mamba alhali ɓangaren mata ba ya aiki, kuma 'yan wasan da ke Ostireliya sun rubuta mata a 2024 suna roƙon a amince da su a matsayin ƙungiyar 'yan gudun hijira. Sai a Afrilun 2025 ta sanar da wani shiri na tallafa musu da kuɗi da horo tare da hukumomin Indiya da Ingila da Ostireliya. Tallafi abu ne mai kyau, amma abin da ya ɗaga mazan a 2008 shi ne an ba su gurbi a gasa aka bar su su nuna abin da suka iya. Kwamitin Olamfik na duniya yana da tawagar 'yan gudun hijira tun 2016, FIFA kuma ta amince da kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Afganistan 'yan gudun hijira a watan Mayu na 2025, saboda haka hanyar sananna ce. Kuma tunda kurket zai dawo wasannin Olamfik a Los Angeles a 2028, na maza da na mata, tambayar za ta sake tasowa ko ICC ta so ko ta ƙi.

Roƙona gare ku shi ne ku ba wannan labari gurbi a shafinku na wasanni, ku riƙa kawo sakamakon wasannin Afganistan idan ana gasar duniya, tare da ɗan bayanin dokokin wasan ga mai karatu, sannan idan kun kawo labarin Rashid Khan da abokansa ku faɗi a wace ƙasa aka buga wasan da ake kira nasu na gida, ku kuma bibiyi halin da 'yan wasa matan ke ciki a Melbourne da Canberra.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar shafin wasanni